Gani Ya Kori Ji

Ƙarfe uku saura na dare a Castro,
ruwan tsibirin Chiloé na dukan kwanon asibiti
kamar yana bin mu bashi.
Aka turo Doña Eduvigis Cárcamo a gadon taya,
shekara tamanin da huɗu, ƙugu a karye.
Santsin dakali ya kwashe ta, da itace a rungume.
Ba ta yi ihu ba. Haƙora kawai ta datse,
ƙafar dama ta gajarce, ta juya waje
kamar mai fushi da 'yar'uwarta.

Shekara talatin da ɗaya ina sa mutane barci.
An ce barci ƙanin mutuwa ne;
to, ni ne mai tsayuwa tsakanin wa da ƙane
ina ƙirga numfashi, kada su gaisa.

Da can, irin wannan tsohuwa mofin zan ɗura mata,
in ƙara, in sake ƙarawa.
Zafi ya tafi, hankali ya raka shi.
Kafin asuba tana kiran mijin da teku ta cinye,
tana fizge robar hannu, numfashi na jan ƙafa.
Mu rubuta: ruɗewar tsufa.
Ba mu taɓa rubuta cewa mu ne ba.

Maite Oyarzo, wadda na koya wa riƙon allura
shekara shida baya, hannunta na karkarwa,
ita ta jawo na'urar hoton cikin jiki,
ta shafa mai mai sanyi a matsematsin tsohuwa,
ta ɗora a hankali.
Allo ya kawo toka-toka, kamar teku ranar hadari.
Ni ban ga komai ba.
Ta ce, Dakta, ga jijiyar jini tana harbawa,
ga ta zafin a gefenta, dubi, kamar saƙar zuma.

A zamaninmu lalube muke yi.
Yatsa kan bugun jini, ka ɗan matsa gefe,
ka soka, ka ji tsoka ta ce ɓus, ta sake cewa ɓus,
saura ka bar wa sa'a.
Wani ya dace.
Wani, irin su Don Baldomero mai gyaran kwalekwale,
ya kwana yana zagin uwata, kuma da gaskiyarsa.

Yanzu ga allura a fili, farin zare mai ratsa allo,
ta tsaya daf da jijiya ba ta taɓa ta ba.
Magani ya fito baƙi, ya yi tafki,
ya kewaye ta yadda ruwa ya kewaye tsibirin nan.

Minti goma sha biyar.
Nas Ximena ta sunkuya:
Daga sifili zuwa goma, nawa ne zafin?
Tsohuwa ta harare ta.
Ni ulu nake ƙirgawa, 'yar nan, ba azaba ba.
Sai kafaɗunta suka sauko daga kunnuwanta.
Ta tambayi wa zai rufe mata kaji.
Ta nemi jakarta, akwai safa ƙafa ɗaya
da ba ta ƙarasa wa jikanta ba.
Aka miƙa mata nata alluran, dogaye, na itace.

Da hantsi aka ɗinke karayar, allura guda a gadon baya,
idonta biyu, tana gyara wa likitan ƙashi
sunan ƙauyensu da ya faɗa a karkace.

Da aka watse na koma ɗakin ni kaɗai,
na shafa man a wuyan hannuna, na ɗora.
Toka. Ruwa. Babu komai.
Ban ji shigowar Maite ba,
sai hannunta kan nawa, ta karkata shi kaɗan
yadda na taɓa karkata nata.
Ga ta nan, in ji ta.

Jijiyata ce. Shekara sittin da uku tana cikina,
ba mu taɓa haɗa ido ba.
Na gyara tabarau.
Na ce, Sake nuna min, amma a hankali.
A waje ruwa bai ɗauke ba.